Ɗibar ɗigon jini a gida don awon maganin dashen ƙoda: za mu iya dogara da ita a nan Kumasi?

'Yar Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani a kan wani al'amari da ya shafi lafiyar mahaifina, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin ina so duk wanda zai ba ni amsa ya fara sanin halin da muke ciki.

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da aka yi wa Baba dashen ƙoda a Indiya, bayan ya daɗe yana zuwa wankin ƙoda. Ƙanensa ne ya ba shi ƙodar, Allah ya saka masa da alheri. Tun daga lokacin yake shan takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, sau biyu a rana, bakwai na safe da bakwai na dare, tare da wasu magunguna biyu, kuma an gaya mana cewa shi da wannan magani mutu ka raba. Likitan da ke duba shi yana Akra, mu kuwa muna Aboabo a nan Kumasi. Saboda haka duk lokacin da aka ce a auna yawan maganin a jininsa, sai mu kama hanya tun ana gobe, mu kwana a gidan goggonmu a Nima, da asuba mu yi sammako zuwa wurin ɗibar jini. Tafiya ce ta kilomita wajen 250, kuma duk wanda ya san wannan hanya ya san yadda take cin yini, ta ci aljihu, ta bar dattijo da ciwon baya.

Zuwanmu na ƙarshe ne ya sa na kasa haƙuri. Ƙa'idar ita ce kada ya sha maganin safe sai an ɗebi jinin. Mun isa da bakwai saura, ya zauna a kan benci, ƙwayoyin suna ƙunshe cikin 'yar takarda a aljihun rigarsa, jifa-jifa yana kai hannu yana taɓa aljihun kamar mai tsoron kada su ɓace. Layi bai zo kanmu ba sai wajen goma da rabi. Hannun hagu ba a taɓa shi saboda jijiyar da aka haɗa masa ta wankin ƙoda, na dama kuma jijiyoyinsa sun gaji da allura, sai a suka na uku jini ya zo. Bai ce uffan ba, amma na ga yadda ya runtse ido, kuma har muka dawo gida wannan fuska ba ta bar zuciyata ba.

Yayana da ke Jamus ya ce akwai wasu ƙananan na'urori da mutum zai soki yatsa a gida, ya ɗiga jini kaɗan, a san yawan maganin ba tare da an je asibiti ba, har ya ce in mun yarda zai saya ya aiko. Abin da nake so in sani shi ne, shin irin na'urar awon suga ce, wadda za ta nuna mana lamba nan take? Shin ɗigo ɗaya zai ba da sakamakon da likita zai yarda da shi kamar na kwalba? Zafi da laimar garinmu ba za su ɓata jinin ba? Kuma mu ce masa ya saya, ko ya dakata?

Mai Awon Jini daga Madina ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa ƙodar ta zauna da shi. Aikina ke nan awon jini a ɗakin gwaje-gwaje, kuma zan fara da gyara zaton da ke cikin tambayarki ta farko, domin daga nan sauran amsoshin za su fito.

Waɗannan na'urori ba su auna komai. Na'urar suga tana karanta jinin da kanta ta ba ki lamba cikin daƙiƙoƙi, su kuwa waɗannan mazubi ne kawai, aikinsu su karɓi jini ɗan kaɗan, ya bushe a cikinsu, a aika da shi ɗakin gwaji. Dalili kuwa shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. Takrolimus ana lissafa shi ne da nanogiram a kowace mililita ta jini, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram guda, kuma abin da likitoci kan nema ga wanda dashensa ya kwana biyu yakan faɗa ne tsakanin 5 zuwa 10, gwargwadon halin kowane mutum. Kafin a gano irin wannan a cikin busasshen ɗigo, sai an jiƙa shi an tatso maganin, sannan a sa shi a babban injin da ake kira LC-MS/MS, wanda ke rarrabe sinadarai bisa nauyinsu. Injunan da ɗakunan gwaji da yawa ke auna wannan magani da su an yi su ne don ɗanyen jini na kwalba, ba don busasshe ba.

Ita kanta dabarar busar da jini ba baƙuwa ba ce, ballantana a gare ku mutanen Kumasi. Wani likita Ba'amurke mai suna Robert Guthrie ne ya yaɗa ta a farkon shekarun 1960, don gwada jarirai. A 1995 kuma aka fara gwajin sikila ga jarirai sababbin haihuwa a Kumasi, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma duk uwar da ta ga an soki diddigen jaririnta an ɗiga jini a kan kati ta riga ta ga tushen abin da yayanki yake magana. Haka ma ake ɗaukar jinin jariran da aka haifa ga uwaye masu cutar kanjamau a aika da shi gwaji daga garuruwa masu nisa. Sai dai akwai bambanci babba. Gwajin sikila tambayarsa ita ce wane irin jini ne, na magani kuwa tambayarsa ita ce nawa ne, kuma wanda zai amsa nawa ne dole ya san ainihin yawan jinin da ya auna.

A nan ne katin takarda yake da rauni. Jini ba kaurinsa ɗaya ba. A jikin lafiyayyen babba, jajayen ƙwayoyi sukan kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na jinin, abin da muke kira hematokirit. Wanda ke da ƙarancin jini, kamar yadda yakan faru ga masu ciwon ƙoda da masu sikila, jininsa tsararo ne, idan ya ɗiga a takarda sai ya bazu da faɗi. Mu kuma a ɗakin gwaji ɗan da'ira muke hudowa daga tsakiyar ɗigon, to idan jinin ya bazu, abin da ke cikin da'irar ya ragu, sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Mai kaurin jini kuma nasa ya fito sama. Don magance wannan aka ƙirƙiro sababbin na'urorin. Akwai Mitra, wadda kamfanin Neoteryx na Amurka ya fitar a 2014, 'yar sanda ce mai farin kai kamar soso, tana tsotsar ƙayyadadden jini, maikrolita 10 ko 20 ko 30, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwai Capitainer ta ƙasar Suwidin, kati ne mai siririyar hanya a ciki, wadda ke auna maikrolita 10 ta kai shi kan takarda, ragowar ta ware shi gefe. Akwai kuma Tasso, wadda ake mannawa a dantse a danna, ta ja jinin da kanta ba tare da an soki yatsa ba. Don ki kwatanta, mililita ɗaya maikrolita 1000 ce, kwalbar da ake cika wa Baba kuma takan ɗauki mililita 2 zuwa 4. Waɗannan sun rage matsalar kaurin jini ƙwarai, amma ba su kawar da ita gaba ɗaya ba, domin jini mai kauri idan ya bushe yakan riƙe wani kaso na maganin a lokacin tatsa.

Takrolimus yana cikin magungunan da wannan hanya ta fi dacewa da su, domin mafi yawansa a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake zaune, kuma dama da cikakken jini ake auna shi ko a asibiti. Asibitocin jami'a na Groningen a Holan da Oslo a Norwe sun yi aiki mai yawa a kan haka, kuma annobar korona ta 2020 ta ƙara jawo hankalin asibitoci zuwa gare shi. Amma a duk inda ya yi aiki, ɗakin gwajin ne ya fara zaɓar na'ura guda, ya gwada ta a kan marasa lafiya da dama yana kwatanta jinin yatsa da na jijiya, sannan ya koya wa mutane ya raba musu. Ƙungiyar masana awon magunguna ta duniya ma ta fitar da ƙa'idojin yin wannan tantancewa a 2019. Ba mara lafiya ne yake sayo tasa ya kai ba.

Saboda haka amsata ga tambayarki ta ƙarshe ita ce yayanki ya dakata. Ki fara tambayar likitan Baba ko ɗakin gwajin da yake aiki da shi yana karɓar busasshen jini don takrolimus, kuma da wace na'ura ya tantance hanyarsa. Idan babu, kwali guda na na'urorin ba zai amfane ku da komai ba.

Alhaji na Sabon Zango ya amsa:

Sallama irin ta addinin Musulunci. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da wannan ɗawainiya. Ni ma mai ƙodar aro ne kamar mahaifinki. Na yi shekaru ina aiki a Holan, a can aka yi mini dashen, kuma na yi amfani da katin ɗiga jini a gida kafin in tattaro in dawo Akra. Duk abin da ɗana na Madina ya faɗa gaskiya ne, amma ina ganin bai ba wa amfanin abin haƙƙinsa ba, wataƙila domin shi a bayan inji yake zaune, mu kuwa a kan benci.

Ki sake duba labarin da kika ba mu. An ɗebi jinin mahaifinki bayan awa goma sha biyar da rabi da shan maganin dare, alhali awon da likita yake so shi ne na awa goma sha biyu daidai, dab da shan na gaba, lokacin da maganin ya yi ƙasa iyakar yinsa a tsarin da aka ɗora mutum. Duk awar da ta ƙaru hanta tana ci gaba da rage shi, sai lamba ta fito ƙasa, likita kuma idan bai san abin da ya faru ba yana iya ƙara ƙwaya. Yawan takrolimus kuwa na san shi a jikina: rawar hannu har ka kasa kai kofin shayi baki, ciwon kai, hawan suga, kuma ita kanta ƙodar da ake karewa yana cutar da ita. Ga kuma jinkirin shan maganin safe na awa uku da rabi. To ina amfanin kwalba mai kyau idan an cika ta a lokacin da bai dace ba? A gida, ƙarfe bakwai tana bugawa nake sukan yatsa, in gama in sha maganina, babu layi babu benci.

Amma kada ki ɗauka abu ne mai sauƙi. Sau biyu na farko an mayar mini da katina. Na farko, ɗigon ya yi kaɗan sai na ƙara wani a kansa, ashe ba a ɗora ɗigo a kan ɗigo. Na biyu kuma sakamakon ya fito sama ƙwarai har aka kira ni a waya cikin gaggawa, da aka bi diddigi sai aka gane na ɓare ƙwayoyina na ajiye a faranti kafin in soki yatsa, ɗan abin da ya maƙale a hannu ya shiga cikin jinin. Daga nan na koyi tsari. In wanke hannu da sabulu da ruwan ɗumi, kada in shafa man kaɗe ko wani mai, in bushe shi sarai, in sake shi ƙasa in ɗan girgiza don jini ya sauko. In soki gefen yatsan tsakiya ko na zobe, ba tsakiyar tsokar ba, in goge ɗigon farko da auduga, in jira na biyu ya taru da kansa. Ba a matse yatsa da ƙarfi kamar mai tatsar nono, domin ruwan jiki yana biyowa ya tsarma jinin. Mai kantar hannu, irin maƙeri ko manomi ko tela, yakan sha wuya a nan, haka ma dattijon da idonsa ya yi rauni, saboda haka ke ce za ki koya, ba shi ba.

Batun laima kuwa kin yi tunani mai kyau. Ana barin katin ya sha iska aƙalla awa biyu zuwa uku, a inuwa, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba, inda ƙuda ba zai sauka a kai ba, sannan a sa shi a leda mai rufi tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi. A hunturu wannan ba abin damuwa ba ne, amma a daminar Kumasi, inda tufa kan kwana biyu a kan igiya ba ta bushe ba, wanda ya rufe jini da sauran danshi zai tarar ya yi fumfuna.

Hajiya Mai Magani daga Asawase ta amsa:

Wa alaikumus salam. Baba Alhaji, mun gode da wannan bayani, wanda ya sha ya fi wanda ya karanta sani. Ni harhaɗa magunguna na karanta, kuma ina so in ja hankalin ƙanwata zuwa ga wani gefe, domin awon magani, a gida ne ko a asibiti, lamba kawai yake bayarwa, kuma abin da ke motsa lambar yawanci a cikin gidajenmu yake.

Akwai wani sinadari a hanta da hanji mai suna CYP3A5 da ke narkar da takrolimus. Mafi yawan Turawa ba su da shi mai aiki, mu baƙar fata kuwa mafi yawanmu muna da shi, shi ya sa jikinmu yake saurin kawar da maganin, har mutum ya buƙaci ƙwaya fiye da Baturen da suke nauyi ɗaya kafin jininsu ya nuna lamba ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya hana kowa kwaikwayon adadin da wani yake sha, ko ya ga lamba a takarda ya ƙara ko ya rage da kansa. Babban tsorona game da awon gida ke nan: kada sauƙinsa ya sa iyali su zama likitocin kansu.

Sannan ga abubuwan da ke shiga tsakani. Rifamfisin na maganin tarin fuka yana zubar da takrolimus ƙasa warwas, har ƙoda ta shiga haɗari idan ba a ƙara adadin ba. Magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazefin su ma suna rage shi. Su kuwa kilaritromaisin da eritromaisin masu kashe ƙwayoyin cuta, da fulkonazol da ketokonazol na cututtukan fumfuna, ɗaga shi suke yi, haka ma lemon garehul. Gudawa mai tsanani ita ma tana ɗaga shi, abin da mutane da yawa ke zaton akasinsa, sai su ce ai maganin ya bi ruwa bari a ƙara. Ina roƙon ki da Allah ki sa ido a kan jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a tashoshin Kejetia da cikin motocin haya, domin dattawanmu suna da kunyar ƙin abin da aboki ya miƙo, kuma babu mai iya faɗa miki abin da ke cikin kwalbar. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen kuwa, ko ba su taɓa lambar ba, ƙodar suke taɓawa. Idan an canza masa kamfanin da ya yi takrolimus ɗin ma, a sanar da likita, domin galibi akan so a sake awo bayan canji.

A irin waɗannan lokuta ne nake ganin awon gida zai fi amfani, a kuma lokacin ne nake ganin iyakarsa. Amfaninsa, idan an fara sabon magani ana iya yin awo sau biyu ko uku a jere ba tare da an jigata dattijo a hanya ba. Iyakarsa, jinin da zai bushe, ya bi mota, ya jira a tara a sa a inji, ba zai ba da amsa yau ba. Idan zazzaɓi ya kama shi, ko fitsari ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko wurin dashen yana ciwo, asibiti za a nufa nan take, kuma kuna da asibitin koyarwa na Komfo Anokye a kusa da ku.

Ga masu karantawa da ke da ɗa mai farfaɗiya, ko ɗan'uwa mai shan litiyom, wani maganin lafiyar ƙwaƙwalwa, kada su ɗauki wannan magana su ɗora a kan nasu kai tsaye. Waɗancan magunguna a cikin ruwan jini ake auna su bayan an ware ƙwayoyin, saboda haka lambar busasshen ɗigo ba za ta yi daidai da wadda likita ya saba da ita ba sai ɗakin gwaji ya yi lissafin juyawa, wanda shi ma sai an tantance shi. Sannan duk na'urar lafiya da za a shigo da ita a raba wa jama'a a Gana, Hukumar Abinci da Magunguna ce ke da alhakin yi mata rajista, bisa dokar lafiyar al'umma ta 2012, don haka a yi hattara da wanda zai tallata irin wannan a Facebook ko WhatsApp.

'Yar Aboabo ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na karanta wa Baba duk amsoshin bayan sallar isha'i, da na zo wurin rawar hannu sai ya ɗaga nasa hannun ya duba, bai yi magana ba. Na kira yayana na ce ya dakata. Gaskiyar magana ban taɓa gaya wa likita cewa an makara wajen ɗibar jinin ba, domin ban san yana da muhimmanci ba, amma gobe in Allah ya yarda zan sanar da shi. Sauran tambayoyina biyu ne. Idan hanyar ta samu, za ta ɗauke mana duk gwaje-gwajen da ake yi masa, ko na maganin kaɗai? Kafin nan kuma, akwai abin da zai rage mana wannan tafiya? Baba kuma ya ce in tambayi Hajiya batun azumi, domin yana so ya gwada bana.

Hajiya Mai Magani daga Asawase ta amsa:

Ki gaishe da Baba, ki ce masa hukuncin ko zai yi azumi yana hannun likitan da ya san ƙarfin ƙodarsa, kuma a yi wannan magana tun kafin watan ya kama. Azuminmu a nan yakan kai awa goma sha uku da ɗoriya, ke nan idan aka mayar da maganin sahur da buɗa-baki, tazarar ba ta zama goma sha biyu da goma sha biyu ba. Ga shi abinci, musamman mai maiƙo, yana rage yawan takrolimus da hanji ke tsotsa, ga kuma ƙishirwa da ƙoda ɗaya za ta ɗauka. Idan likita ya yarda, yakan so a yi awo bayan an sauya lokutan. Akwai kuma nau'in da ake sha sau ɗaya a rana, irin su Advagraf, wanda awonsa bayan awa ashirin da huɗu ne, amma komawa kansa shawara ce ta likita.

Mai Awon Jini daga Madina ya amsa:

Baba Alhaji, na karɓi gyara, kuma maganar lokaci da ka yi ita ce ta fi tawa nauyi a halin da suke ciki yanzu.

Ƙanwata, ba za ta ɗauke duka ba. Kiriyatinin, wanda ke nuna yadda ƙoda take tace jini, ana iya auna shi daga ɗigon da aka auna maganin, kuma wuraren da ke amfani da wannan hanya sukan haɗa su biyun. Amma fotashiyom, wani sinadarin gishiri da ke cikin jini, ba ya aunuwa haka, domin jajayen ƙwayoyi cike suke da shi, idan jini ya bushe suka fashe sai nasu ya gauraya da na ruwan jini, alhali takrolimus yana iya ɗaga fotashiyom har ya taɓa bugun zuciya. Ƙirgen ƙwayoyin jini shi ma ɗanyen jini yake buƙata, ga gwajin fitsari, ga awon hawan jini, ga idon likita. Abin da za ta yi shi ne rage yawan zuwa, ga wanda jikinsa ya daidaita.

Game da yanzu kuwa, akwai abin da ya fi kusa da hannu. Takrolimus ba ya saurin lalacewa a cikin kwalbar nan mai murfi launin shunayya, yana jure kwanaki idan an kiyaye shi daga zafi. Ki tambayi likita ko zai yarda a ɗebi jinin a wani ɗakin gwaji a nan Kumasi da ƙarfe bakwai na safe, sauran gwaje-gwajen a yi su a wurin, kwalbar maganin kuma a aika da ita Akra ta hanyar da ɗakunan gwaji ke aika wa juna samfuri. Ki je wurin tun ana gobe ki yi musu bayani cewa jini ne mai lokaci, domin idan ma'aikaci ya san haka yakan shigar da mutum gaba. Ku ɗauki ruwa a gora don ya sha maganinsa da an cire allura.

Idan kuma wata rana aka ce an fara karɓar busasshen jini, ki nemi a karon farko a ɗebi na yatsa da na jijiya a zama ɗaya a gaban ma'aikaci, don ya ga yadda kike yi, a kuma ga ko lambobin biyu sun yi kusa a jikin Baba. A kowane hali, ki riƙa rubuta abu uku a kan takardar gwajin da kuma cikin littafinki: ƙarfe nawa ya sha maganin dare, miligiram nawa ya sha, da ƙarfe nawa jinin ya fita daga jikinsa, har da mintuna. Na zuwanku na ƙarshe ma ki rubuta goma da rabi ki nuna wa likita gobe.